Bakkale: daga ɓarin saniya zuwa ƙwaryar nono, abin da masu binciken jami'a suka gano a garkenmu

Duk wanda ya daɗe a kiwo ya san irin wannan safiya. Ka je garke da asuba, ka tarar da saniyar da ke ɗauke da cikin wata shida ko bakwai ta yi ɓari. Ɗan tayin yana kwance a ƙasa, mabiyiya kuma ta ƙi fita. Ka sa hannu ka taimaka mata, ka ja ɗan tayin ka jefa bayan shinge, karnuka su ɗauke. Da hantsi uwargida ta zo da ƙwarya ta yi tatsa, yara su sha madara da ɗuminta. Bayan mako uku ko huɗu sai wani a gidan ya kwanta da masassara, da gumi cikin dare, da ciwon baya. A sha maganin cizon sauro, ta lafa kwana biyu, ta sake dawowa.

Yawancinmu ba ma haɗa waɗannan abubuwa biyu. Asarar garke muna kai kukanta wurin likitan dabbobi, rashin lafiyar iyali kuma muna kai ta gidan likita, kowa bai san labarin ɗan'uwansa ba. Amma likitocin dabbobi da ke bincike a jami'o'i sun daɗe da nuna cewa sau da yawa ƙwayar cuta ɗaya ce ke aiki a wuraren biyu. An kiyasta cewa kusan kashi 60 cikin 100 na cututtuka masu yaɗuwa da aka sani a jikin ɗan Adam, daga dabba suke iya zuwa masa. Ɗaya daga cikinsu ita ce wadda Fulani suke kira bakkale, kuma an yi mata bincike mai zurfi a nan ƙasarmu Nijar.

Mece ce bakkale?

Ƙwayar cutar sunanta Brucella. Ido ba ya ganin ta sai da madubin likita. Tana kama shanu, tumaki, awaki da raƙuma. Wurin da ta fi so a jikin dabba shi ne mahaifa a lokacin ciki, domin akwai wani irin sukari a cikinta da ke sa ƙwayar ta hayayyafa da sauri. Idan ta yi yawa sai ta lalata mahaɗin uwa da ɗa, cikin ya zube, galibi a watannin ƙarshe.

Alamomin da makiyayi zai iya gani da idonsa su ne ɓari, maƙalewar mabiyiya, haihuwar maraƙi marar ƙarfi da ba ya daɗewa, raguwar nono, da saniyar da ke daɗewa ba ta sake ɗaukar ciki ba. A wurin bijimi ko rago, ƴaƴan maraina kan kumbura. Idan cutar ta daɗe a jiki sai a ga kumburi mai ruwa a gwiwa, kamar an cusa ƙaramar salka a ƙarƙashin fata. Wannan kumburi shi ne abin da makiyaya suka fi gane bakkale da shi.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne, saniya takan yi ɓari sau ɗaya ne kawai. Cikin da ya biyo baya sai ta haihu lafiya, mai ita ya ce ta warke. Ba ta warke ba. Ƙwayar tana nan a hantsarta, tana fita cikin madara, kuma duk lokacin da ta haihu tana zubar da ita da yawa cikin ruwan haihuwa da mabiyiya. Sauran shanu su zo su lasa, ko su ci ciyawar da ruwan ya taɓa, su ɗauka. Rana mai zafi tana kashe ƙwayar da wuri, amma a inuwa mai laima, kamar gefen tabki ko cikin taɓon turke a damana, tana iya rayuwa watanni.

A jikin mutum kuwa, cutar tana shiga ta hanyoyi biyu da suka fi yawa: shan madarar da ba a tafasa ba ko cin cukun da aka yi da ita, da kuma taɓa ɗan tayi, mabiyiya ko jinin dabba da hannun da ke da ƙaramin rauni ko tsaga. Takan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin ta bayyana, wani lokaci har wata biyu. Masassara ce mai zuwa da komawa, da gumi mai yawa cikin dare, ciwon gaɓoɓi da ƙugu, kasala da rama. Ba ta cika kisa ba, amma tana iya kwantar da magidanci watanni, a daidai lokacin da ake buƙatarsa a gona ko a bakin rijiya. Saboda ta yi kama da masassarar cizon sauro da taifot, mutum yana iya ƙarar da kuɗinsa kan maganin da ba nata ba.

Akuya ce ta fara tona asirinta

Labarin gano wannan cuta shi kansa darasi ne. A tsibirin Malta, cikin tekun Bahar Rum, wata masassara ta addabi sojojin Birtaniya. A 1887 likitan soja David Bruce ya gano ƙwayar a cikin saifar waɗanda suka mutu, kuma daga sunansa ne aka raɗa mata Brucella. Amma ba a san ta inda take shiga mutane ba sai a 1905, lokacin da wani likita ɗan Malta, Themistocles Zammit, ya same ta a jikin awakin da ake tatsa a tsibirin, alhali awakin suna kiwo kamar lafiyarsu lau. Da aka hana sojoji shan ɗanyar madarar akuya, sai cutar ta ragu ƙwarai a barikinsu.

A gefe guda, likitan dabbobi Bernhard Bang na ƙasar Danmak ya gano ƙwayar da ke sa shanu ɓari a 1897. Shekaru ashirin aka yi likitocin mutane suna nasu bincike, na dabbobi suna nasu, har sai a 1918 da wata mai bincike a Amurka, Alice Evans, ta nuna cewa ƙwayoyin biyu dangin juna ne na kusa. Da tun farko sun zauna tare, da an rage wahalar mutane da yawa.

Binciken da aka yi a Nijar

A 2013 aka wallafa sakamakon wani babban bincike kan bakkale a Yamai da karkarar da ke kewaye da ita. Ɗan Nijar ne ya jagorance shi, Abdou Razac Boukary, tare da malaman sashen likitancin dabbobi na Jami'ar Liège ta ƙasar Beljik, da cibiyar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Anvers, da Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, da kuma makarantar likitancin dabbobi ta ƙasa da ƙasa da ke Dakar, wadda aka kafa a 1968, inda likitocin dabbobinmu da yawa suka yi karatu.

Binciken ya shafi dabbobi 5,192 a cikin garke 681: shanu, tumaki da awaki. An raba wuraren gida uku, wato cikin birni, bakin birni, da ƙauye. An ɗebi jini, an zuƙi ruwan kumburin gwiwa, aka kuma zauna da masu garke ana yi musu tambayoyi: dabba nawa gare ka, kana tafiyar kiwo ko a gida kake, an taɓa yin ɓari a garkenka?

Makiyaya da yawa suna ɗari-ɗari da masu ɗiban jini, don haka yana da kyau a san abin da ake yi da shi. Jinin da ake ɗiba daga jijiyar wuya bai kai cokali ɗaya na miya ba, kuma ba ya rage wa dabba komai. Ana barin sa ya daskare, ruwa mai launin rawaya ya taso sama. A cikin wannan ruwa ake neman shaidar cewa jikin dabbar ya taɓa faɗa da ƙwayar. Akwai gwaji mai sauƙi da ake kira Rose Bengal: a ɗiga ruwan jinin a kan farin faranti, a gauraya shi da wani ruwa mai launin hoda, a jijjiga minti huɗu. Idan ya yi gudaji-gudaji kamar madarar da ta tsinke, akwai alamar cutar. Akwai kuma gwajin da ya fi shi tabbaci, mai suna ELISA, wanda sai a ɗakin bincike ake yin sa, kuma da shi masu binciken Yamai suka fitar da alƙalumansu. Daga ruwan kumburin gwiwa kuma suka raini ƙwayar kanta har ta tsiro, suka tabbatar da cewa nau'in shanu ne, Brucella abortus, reshe na 3. Wannan ya nuna cewa abin da makiyaya suke nunawa da yatsa suna cewa bakkale, shi ne dai abin da likita ke gani a ɗakin bincike.

Abin da alƙaluman ke faɗa

Idan aka ƙirga dabba ɗaya-ɗaya, kashi 1.3 cikin 100 ne kawai ke ɗauke da shaidar cutar, wato kusan 13 cikin 1,000. Wani zai ce ai wannan ba wani abu ba ne. Amma idan aka ƙirga garke-garke, tsakanin kashi 11 zuwa 17 cikin 100 ne ke da aƙalla dabba ɗaya mai ita. Wato a cikin garke bakwai ko takwas, za a samu ɗaya.

Lissafi na biyu shi ne ya shafi iyali, domin ba wanda ke tatsar kowace saniya a ƙwaryarta daban. Madarar shanu goma a ƙwarya ɗaya take haɗuwa. Ta gida ashirin kuma a tulu ɗaya take haɗuwa a wurin tara madara, irin na Hamdallaye da Kollo da ke ciyar da Yamai. Saniya ɗaya mai cutar ta isa ta shafi abin da mutane da yawa za su sha, idan ba a ɗora shi a wuta ba.

Masu binciken sun kuma gano irin garken da ya fi zama cikin haɗari. Garken da aka taɓa yin ɓari a cikinsa, haɗarinsa ya ninka kusan sau 3. Wanda ke tafiyar kiwo, kusan sau 5. Wanda ya haura dabba 50, kusan sau 11. Dabbobi masu shekara 1 zuwa 4 sun fi waɗanda ba su cika shekara ba kamuwa, abin da ya dace da halin ƙwayar na bin dabbar da ta isa haihuwa.

Kada a ɗauki maganar tafiyar kiwo a matsayin laifin makiyayi. A ƙasa irin tamu, hawa arewa da damana da gangarowa kudu da rani shi ne ke raya garke. Abin da ke kawo cutar shi ne cuɗanya: garke goma a bakin rijiya ɗaya, a tabki ɗaya, a burtali ɗaya, inda saniyar wani ta yi ɓari jiya, taka kuma ta zo yau tana sansanar wurin. Ba a ce a daina tafiya ba. Abin da ake nema shi ne, wanda dabbarsa ta yi ɓari a hanya ya binne abin da ya fita, kada ya bar wa na baya.

Wani sakamakon ya shafi mazauna gari kai tsaye. A wajen shanu, na ƙauye sun fi na bakin birni kamuwa. Amma a wajen ƙananan bisashe, musamman tumaki, na cikin birni ne suka fi, har kusan sau 5 idan aka gwada da na bakin birni. Duk wanda ya san yadda ake kiwon tumaki a tsakar gida a Yamai, Maraɗi ko Damagaram zai gane inda haɗarin yake: tunkiya tana haihuwa a ƴar rumfa kusa da madafa, yara suna wasa a wurin, kuma matan gida ne ke share turken da hannu. Ƙungiyoyin mata masu kiwon turke su riƙe wannan da kyau.

A kula cewa a yankin Yamai aka yi wannan bincike, don haka alƙalumansa na can ne. Amma hanyoyin da cutar ke bi, wato rijiya, kasuwa, turke da ƙwarya, iri ɗaya ne a Dakwaro, Tanut da Abalak.

Darasin Cintabaraden

Ba bakkale kaɗai ke fara nuna kanta ta hanyar ɓari ba. A watan Agustan 2016, a yankin Cintabaraden na jihar Tawa, dabbobi suka yi ta ɓari suna mutuwa, sannan mutane suka fara kwanciya da zazzaɓi, wasu idonsu ya yi rawaya, wasu suna zubar da jini. Da aka aika jini Cibiyar Pasteur ta Dakar, aka tabbatar da cewa zazzaɓin Kwarin Rift ne, cutar da aka fara ganowa a Kenya a farkon shekarun 1930. Sauro ne ke yaɗa ta tsakanin dabbobi bayan ruwan sama mai yawa, mutane kuma sun fi ɗaukarta wajen yanka, fiɗa, da taimakon dabba mai ɓari. Kafin ta lafa, mutum sama da 30 sun rasa rayukansu, yawancinsu makiyaya da iyalansu. Ta kuma zo daf da taron lasar gishiri na Ingal, lokacin da garkuna daga ko'ina suke haɗuwa.

Bambancin cututtukan biyu a fili yake. Bakkale tana bi a hankali, ɓari ɗaya yau, wani bayan wata biyu. Zazzaɓin Kwarin Rift kuwa kamar guguwa yake zuwa: tumaki da awaki da yawa su zubar da ciki cikin ƴan kwanaki, jarirai su yi ta mutuwa. Amma a duka biyun garke ne ke fara ba da labari kafin gida. Makiyayin da ya kai rahoto a ranar farko ya riga kowane ɗakin bincike gani.

Abin da za a yi a garke

Idan dabba ta yi ɓari, kada a taɓa ɗan tayi ko mabiyiya da hannu tsirara. A sa safar hannu, in babu a zura hannu cikin leda mai kauri. A haƙa rami mai zurfin da kare ba zai tona ba a binne, ko a ƙone. A kankare ƙasar wurin a haɗa a binne, a wanke hannu da sabulu, a wanke igiya da wuƙa da ruwan jabel. Mace mai ciki da yara su nisanci wannan aiki.

A ware dabbar daga garke har sai ruwan da ke fita daga jikinta ya tsaya, abin da kan ɗauki makonni. A ba ta ruwa a mazubi dabam.

Kada a fasa kumburin gwiwa da wuƙa ko ƙarfe mai zafi. Ruwan da ke ciki yana iya ɗauke da ƙwayar, kuma fasa shi ba ya warkar da dabbar.

Kada a ɓata kuɗi a kan allurar kasuwa. Ƙwayar tana ɓuya a cikin jikin dabba inda magani ba ya kai mata sosai, don haka likitoci ba sa ba da shawarar yi wa dabba maganin bakkale. Abin da ya fi shi ne a gwada ta, idan an tabbatar, a shawarta da likita kan fitar da ita zuwa mahauta inda ake duba nama. Naman da ya dahu sosai ba ya ɗauke da ita. Sayar da ita ga wani makiyayi kuwa, kai masa wuta ne cikin garke.

Sabuwar dabba, ko daga kasuwa ta zo, ko ta habbanaye ce, a tambayi tarihinta, a ware ta na ɗan lokaci, in da hali a gwada jininta. Idan tana da ciki, ta haihu a gefe kafin ta shiga cikin sauran.

A sani kuma cewa rigakafin shekara-shekara na ciwon huhun shanu da na annobar tumaki da awaki ba ya kare dabba daga bakkale. Tana da nata alluran, S19 ta shanu da Rev 1 ta ƙananan bisashe, amma ƙwaya ce mai rai a cikinsu: suna iya zubar da cikin dabba, suna kuma iya kama mutumin da allurar ta soka. Aikin likita ne kawai.

Abin da za a yi a gida

A tafasa madara har ta taso, ko ta saniya ce, ko ta akuya, ko ta raƙuma. Wuta tana kashe Brucella, tana kuma kashe ƙwayar tarin fuka na shanu, wanda shi ma masu binciken nan sun same shi a shanun Torodi. Mutane da yawa sun yarda cewa tsamin nono yana kashe cuta. Yana rage ta, amma ba abin dogaro ba ne. A tafasa tukuna, a bari ta huce ta koma ɗumi-ɗumi, sannan a zuba ɗan tsohon nono mai kyau ta kwana. Kindirmon zai kama, kuma ya fi daɗewa bai lalace ba. Haka ma madarar da za a yi cuku da ita.

Wanda masassara ta ƙi barinsa bayan ya sha maganin cizon sauro, ko gwaji ya nuna ba ita ba ce, ya koma gidan likita ya faɗi abu uku a fili: ni makiyayi ne, an yi ɓari a garkenmu, muna shan ɗanyar madara. Wannan bayani ne zai sa malamin lafiya ya yi tunanin bakkale. Tana warkewa, amma maganinta iri biyu ne a haɗe, kuma ana shan sa mako shida cur. Wanda ya daina a mako na biyu don ya ji sauƙi, tana iya dawo masa. Ba ta da allurar rigakafi ta mutane.

Rabon ƙungiya

Mai bincike ba ya iya kwana a kowace ruga. Abin da yake samu ya dogara ne ga abin da makiyaya suka yarda suka nuna masa. A nan ƙungiya take da aiki babba. Ta ajiye littafi guda, a riƙa rubuta kowane ɓari: ranar, irin dabbar, watan cikin, da rijiya ko tabkin da garken ke sha. Idan aka ga uku ko huɗu a mako ɗaya, a kira mataimakin kiwo ko likitan dabbobi mafi kusa a ranar, shi kuma ya sanar da ma'aikatar kiwo, domin a ɗebi jini a aika LABOCEL, babban ɗakin binciken kiwo na ƙasa da ke Yamai. A kuma sanar da gidan likitan yankin, don su sa ido kan masu zuwa da zazzaɓi.

Ƙungiya tana iya sayen safar hannu da ruwan jabel da yawa ta raba wa membobi a kan farashi mai sauƙi. Masu tara madara su sa doka cewa ba a karɓar ta dabbar da ta yi ɓari, kuma duk abin da zai fita kasuwa sai ya bi ta wuta. Idan masu bincike suka zo ɗiban jini, shugabanni su karɓe su, amma su nemi alƙawari tun farko: a dawo a faɗa wa masu garke sakamakon, da Hausa, da Fulatanci, da Tamajak, a gaban jama'a. Wanda ya ba da jinin saniyarsa yana da haƙƙin sanin abin da aka gani a ciki.

Wasu suna ɓoye ɓari don tsoron kada farashin dabbobinsu ya faɗi, ko a ce garkensu ya lalace. Wannan tsoro ba na banza ba ne, shi ya sa ya kamata ƙungiya ta tsaya wa wanda ya faɗi gaskiya, ba ta nuna shi da yatsa ba. Rijiyar da saniyarsa ke sha, ita ce taku ke sha, kuma nonon da matarsa ke kaiwa kasuwa, ƴaƴanku ne ke damawa da fura. A taronku na gaba, ku fara da tambaya ɗaya: a wannan shekara, garken wa da wa aka yi ɓari, kuma ina aka kai abin da ya fita?